Me Ya Sa Mazaunin Jita Ke Cin Fentinta, Kuma Yaya Ake Kare Ta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Yayana ya aiko mini da jita ƙirar Gibson daga Amurka, fara ce, ta hannu amma tsaf take. Na sayi mazauni na ƙarfe a kasuwa, irin mai baƙin soso a hannayensa, na ɗora ta a kai a ɗakin da muke atisaye. Bayan kamar wata biyu na ɗaga ta, sai na ga tabo biyu ruwan ƙasa a gindinta da wani a bayan wuya, kuma wurin yana danƙo idan na taɓa. Jitar abokina Yamaha ta fi shekara a kan irin wannan mazauni, ba abin da ya same ta. Tawa jabu ce? Tabon zai fita? Me zan yi kada ya ƙaru?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin ka ci gaba da karatu, je ka sauke jitar nan daga kan mazaunin, ka kwantar da ita a kan farin zanen gado na auduga. Duk kwanan da ta ƙara a wurin, tabon ƙara nutsewa yake yi.

Batun jabu kuwa, hankalinka ya kwanta. Abin da ya same ta ma ya fi nuna cewa ta asali ce. Jabun Gibson da ake shigowa da su, galibinsu fenti mai kauri da tauri ake watsa musu, wanda soso ba ya yi masa komai. Ta gaskiyar ce ke da fentin da roba ke ci. Tabo shi kaɗai dai ba hujja ba ne. Duba bayan kan jitar ka ga ko an buga lambarta a cikin itacen, sannan ka dubi ɗan murfin nan mai siffar ƙararrawa da ke gaban kai, kusa da inda tsirkiyoyi suka tashi: kusoshi biyu gare shi a ta asali, a jabu kuwa sau da yawa uku za ka gani.

Abin da ido ke gani yana sheƙi a jikin jita ba iri ɗaya ba ne, kuma a nan ne bambancinka da abokinka yake. Taka fentin da masu sana'a ke kira naitiro ne a jikinta, cikakken sunansa naitiroselulos. Daga auduga ko sassaƙen itace ake haɗa shi, a sarrafa da ruwan asid, sannan a narkar da shi a cikin tina a fesa. Kamfanin DuPont na Amurka ne ya fito da shi a matsayin fentin mota a farkon shekarun 1920, da sunan Duco, kuma General Motors ta fara amfani da shi a motocinta ƙirar Oakland na 1924. Kafin nan fentin mota makonni yake ɗauka bai bushe ba, shi kuwa wannan cikin sa'o'i an gama. Masu ƙera kayan kiɗa suka gani suka ɗauka. Har launukan nan masu ɗaukar ido da Fender ta riƙa yi wa jitocinta a shekarun 1950 da 1960, daga jerin launukan motoci aka ɗebo su. Bayan da kamfanin CBS ya sayi Fender a 1965, zuwa ƙarshen waɗannan shekarun sai suka koma wani fenti na zamani mai tauri, wanda muke kira foli a taƙaice. Gibson ba ta bar naitiro ba a jitocin da take ƙerawa a Amurka, har yau. Martin ma haka a manyan jitocinta, kuma ita kanta Fender tana komawa gare shi a masu tsadar da take yi a kan tsohon salo. Yawancin jitocin da ke hannun makaɗanmu kuwa, su Yamaha masu sauƙin kuɗi, Squier, Epiphone, Ibanez, Cort, foli ne a jikinsu. Shi ya sa da yawa ba su taɓa jin wannan matsala ba sai ranar da jita mai daraja ta faɗo hannunsu.

Naitiro bushewa kawai yake yi. Tinar da aka narkar da shi ciki ta tashi ta bi iska, ta bar siririn ɓawo a kan itace, kaurinsa bai wuce na takarda ɗaya ko biyu ba. Halinsa irin na ƙaro ne: ya bushe ya yi tauri, amma ko bayan shekara hamsin ya haɗu da abin da ke narkar da shi, sai ya sake laushi. Foli kuwa sinadarai ne ke haɗuwa su ƙulle da juna su zama wani abu dabam, kuma idan sun ƙulle babu komawa baya. Wannan shi ne gaba ɗayan sirrin. Masu son naitiro suna son sa ne don sirantakarsa, da yadda yake tsufa yana ɗan yin ruwan zuma, da kuma sauƙin gyaransa. Kuɗin da ake biya kuwa shi ne wannan rashin juriya da ka gani da idonka.

To me ke cikin soso har ya narkar da fenti, alhali a bushe yake? Duk robar da ka taɓa ka ji da laushi, akwai abin da aka zuba mata ta yi laushin. Ɗauki PVC: asalinsa mai tauri ne, shi ne fayif ɗin ruwan da ake binnewa a gida. Idan ana so ya zama tiyo, ko ledar kujera, ko rigar waya, sai a cuɗa shi da wani sinadari mai kama da mai, wanda kan kai kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa, wani lokaci ma fiye. Wannan man laushi ba ya ɗaure a cikin robar har abada, a hankali yake tsattsafowa. Shi kansa naitiro da irin wannan sinadari ake haɗa shi don kada ya yi ta tsagewa, saboda haka idan ya samu a kusa shan sa yake yi. Sai wurin ya yi laushi, ya yi danƙo, nauyin jita kuma ya danna shi a kan soson. Baƙar roba tana da nata ƙarin: akwai mai, akwai farar wuta da aka gasa ta da ita, akwai sinadaran da aka sa mata don kada rana ta farfasa ta, kuma waɗannan na ƙarshe sun shahara da barin tabo mai ruwan ƙasa ko rawaya a kan duk wani abu mai haske da suka daɗe a jikinsa. A baƙar jita ma hakan na faruwa, ido ne ba ya kamawa da wuri. Taka fara ce, ba ta da wurin ɓoyewa.

Ka ɗauki tocila ka haska wurin a karkace, ba kai tsaye ba. Abin da za ka gani zai gaya maka zurfin ɓarnar. Idan sheƙin yana nan sumul kuma launi ne kawai ya canza, to rini ne ya shiga. Idan ka ga wurin ya dusashe, da 'yan ƙananan ramuka jere irin na fuskar soson, kamar an buga hatimi, to fentin ya yi laushi har ya ɗauki zanen abin da ya zauna a kai. Idan gefen tabon ya ɗan tasa, tsakiyarsa ta lotsa, kuma akwai ɓurɓushin baƙin soso manne a ciki, wannan ya yi nisa. Kada ka gwada da farce. Na san hannu yana son kai kansa wurin, amma fentin da ya yi laushi duk abin da ya taɓa shi sai ya bar sawu.

Wata biyu da ka ambata bai ba ni mamaki ba. A ƙasashe masu sanyi irin wannan kan ɗauki lokaci mai tsawo kafin ya bayyana, a wurinmu kuwa zafi ne ke ingiza shi. Ɗaki mai rufin kwano a watan Afrilu, a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, lokacin da ma'auni ke wuce digiri 40 a waje, yana sa roba ta yi ta zufa, shi ma fentin ya saki jiki. Ga nauyi: jita irin Les Paul, wata ƙirar Gibson, tana kai kilo huɗu ko fiye, kuma duk nauyin nan a kan wurare biyu yake zaune waɗanda ba su fi faɗin ɗan yatsa ba. Idan kuma fentin sabo ne, ko an yi mata sabon feshi kwanan nan, abin ya fi sauri, domin naitiro kan yi watanni yana ƙarasa bushewa bayan ya bar masana'anta.

Akwai wata al'ada da nake gani a coci-coci da ɗakunan ɗaukar sauti wadda ta fi soson kasuwa illa. Mutum ya kai wa mai walda hoto ya ƙera masa mazauni, wanda ba laifi ba ne, sau da yawa ma ya fi na kanti ƙwari. Amma da aka zo rufe ƙarfen sai a yanko tsohon tib na keke ko na babur a naɗe, ko a zura guntun tiyo, ko a lulluɓe da baƙin salatif na masu gyaran wuta. Ukun nan babu na zaɓe. Tib baƙar roba ce zalla, tiyo cike yake da man laushi, salatif kuwa ya haɗa biyu, ledarsa da gam ɗinsa. Niyyar mai kyau ce, a kare jita daga ƙarfe, amma ga mai naitiro wannan shi ne gudun gara a faɗa gidan zago.

Yanzu batun ko zai fita. Gaskiya ita ce wani yana fita, wani ba ya fita. Abu na farko shi ne haƙuri. Ka goge wurin a hankali da busasshen tsumma na auduga mai laushi, ba tare da dannawa ba, sannan ka bar jitar a wuri mai inuwa da iska na makonni, babu abin da ke taɓa tabon. Sau da yawa danƙon kan ragu da kansa, fentin ya sake tauri. Sai ya yi tauri ake maganar gyara. Idan akwai saura-sauran soso ko maiƙo a sama, abin da masu gyara suka amince da shi a kan naitiro shi ne nafta, wato irin man da ake ɗura wa laita mai lagwani: ɗigo kaɗan a tsumma, a shafa sau ɗaya, a bari ya bushe, nesa da wuta. Ban da fetur, ban da kananzir, ban da tina, ban da sifirit, ban da ruwan goge jan farce. Wasu cikinsu za su kwashe fentin har itace kafin ka ɗaga hannu. Haka kuma ban da man goge kujeru da feshin da ake yi wa gaban mota don ya yi ƙyalli. Yawancinsu akwai wani sinadari mai santsi da ake kira silikon a ciki, kuma idan ya shiga tsagar fenti, duk ranar da aka zo yin sabon feshi a wurin ba zai kama ba, sai ya yi ta tsalle yana barin 'yan ramuka.

Tabon da ke sama-sama, man goge jita mai ɗan kaifi kaɗan yana iya rage shi ko ya ɗauke shi. Wanda ya ɗauki zanen soso sai an bi shi da samfefa mai laushi ƙwarai, lamba 1500 zuwa 2000, da ruwa, sannan a goge har sheƙi ya dawo. Inda ya lotsa kuma ana ɗiga sabon naitiro a cike ramin, domin sabon yana narkewa ya haɗe da tsohon ba tare da an ga gaɓa ba, abin da ba a iya yi da foli. Na faɗa maka waɗannan ne don ka san abin da za ka tambaya, ba don ka yi da kanka ba. Ka tuna kaurin da na ambata. A gefen gindin jita, inda itace ya lanƙwasa, fentin ya fi ko'ina siranta, kuma shafa biyu-uku na samfefa sun isa su huda shi. Garin neman gira sai a rasa ido. Kuma don Allah kada ka kai ta wurin mai fentin mota ya yi mata sabuwar riga gaba ɗaya saboda tabo uku. Launin da ya ratsa har ƙasan fenti ba ya fita sai an kankare, wannan gaskiya ne, amma jita mai fentinta na asali da ɗan tabo a gindi ta fi wadda aka sake wa fenti daraja nesa ba kusa ba, a wurin duk wanda ya san kaya. Tabon da ke gindi ba ya taɓa sauti. Na bayan wuya ne kawai zan damu da shi, shi ma idan yana kama tafin hannu lokacin kiɗa.

Kariya kuwa ba ta da tsada, kuma ba sai ka jefar da mazaunin ba. Ƙa'idar ita ce kada wani abu ya taɓa fentin sai farar auduga zalla. Nemi tsohuwar farar singileti ko farin zanen gado da ya sha wanki, ko ka sayi akoko ko alawayyo a kasuwa ka wanke shi sau biyu don sitacinsa ya fita, ka bari ya bushe sarai. Ka tabbata auduga ce, ba mai haɗin roba ba. Idan kana shakka, ƙona ɗan zare daga gefe, auduga toka take zama, mai roba kuwa narkewa yake ya dunƙule. Idan soson yana zaruwa daga ƙarfen, zare shi gaba ɗaya ka yar, wannan ya fi. Sai ka yanka ƙyallen tsiri-tsiri, faɗin yatsu uku, ka naɗe hannayen mazaunin da shi kamar yadda ake naɗa bandeji, kowane zagaye yana hawa rabin na baya, har ya yi kauri ka danna da yatsa ba ka ji ƙarfe ba. Ƙarshensa ka ɗinke da allura da farin zare ta ƙasa, inda jita ba ta kaiwa. Kada ka ɗaure da roba, kada ka manna da gam ko salatif, in ba haka ba ka dawo da abin da ka kora ta taga. Idan soson ba ya zaruwa, naɗa a kansa, amma ninki huɗu ko biyar, domin ƙyalle ɗaya siriri jinkirta man kawai yake yi, ba ya tare shi. Kada ka manta da wurin da bayan jita ke jingina, da cokalin da ke riƙe wuya, da 'yar igiyar robar nan da ake ƙetarawa ta gaban wuya don kada ta faɗo. Wannan igiyar mutane da yawa suna mantawa da ita. Cire ta ka sa tsirin ƙyalle a madadinta. Tela ma zai iya ɗinka maka 'yan riguna masu zariya daidai hannayen mazaunin, ka riƙa cirewa kana wankewa.

Wankin nan kuwa wajibi ne, ba ado ba. Ƙurar hunturu ba gari ba ce kawai, akwai ɓurɓushin yashi a cikinta, kuma idan ta taru a ƙyallen, duk ɗorawa da saukewa sai ta ɗan karce fentin. Wannan ɓangaren ya shafi abokinka mai Yamaha ma. Ka riƙa kaɗe ƙyallen, ka wanke shi idan ya yi datti, ka sauya shi idan ka ga ya fara canza launi ta ciki, alamar man soson ya fara ratso shi.

Fari na ce, kuma da dalili. Atamfa, shadda mai rini, baƙin yadi, tsumman da ya sha shuni, duk suna iya zuba a jikin fenti idan zafi da gumi suka haɗu. Fata ma mutane suna tambayata a kanta, tun da muna da dukawa da suka iya aiki kuma tana da kyau a ido. Ni ba na ba da shawararta a kan farar jita. Jar fata da baƙa rininsu na fita, kuma ba ka san da me aka jeme ta ko wane mai aka shafa mata ba. Abin da ya kai auduga aminci shi ne kok, ɓawon itacen nan mai laushi da ake toshe bakin kwalba da shi, wanda aka fi samu daga Fotugal. Wasu kamfanoni, kamar K&M na Jamus, suna yin mazaunai masu kok a hannu, da wasu masu farar roba garai-garai marar rini, musamman saboda irin wannan fenti. Idan ka samu, madalla.

Amma ka yi hattara da rubutun da ke jikin kwali cewa wannan mazauni ba ya cutar da naitiro. Babu wata hukuma da ke tantance wannan magana, kuma kowane kamfanin jita da irin haɗin fentinsa, har ma haɗin yakan canza daga zamani zuwa zamani. Abin da bai taɓa wata jita ba yana iya taɓa taka. Ita kanta Gibson tana gargaɗi a takardun kula da kayanta cewa a rufe robar mazauni da ƙyallen auduga, a ɗauki mazauni a matsayin wurin ajiya na ɗan lokaci, kuma garantinta bai shafi ɓarnar da mazauni ya yi ba. Ni ko mazauni nawa aka saye shi, in dai naitiro zai hau kai, sai na sa masa ƙyalle.

Wanda bai san irin fentin jitarsa ba, hanya mafi sauƙi ita ce ya nemi sunan ƙirar da shekararta a intanet. Tsohon naitiro kuma yana da alamu: farinsa na komawa ruwan madara ko rawaya, yana yin siraran tsaga kamar gashi, yana sirancewa a inda hannu ke yawan gogawa. Foli ba ya sirancewa haka, idan ya bugu ɓallewa yake yi gutsure-gutsure. Masu gyara suna gwadawa da ɗigon asiton, sinadarin da ke cikin ruwan goge jan farce, a kan auduga a wani ɓoyayyen wuri, kamar ƙarƙashin murfin baya: naitiro nan take zai yi danƙo, foli ko gezau. Idan ba dole ba ka bar musu wannan gwajin. Akwai kuma na uku, shalak, wanda ake shafawa da hannu a jitocin gargajiyar Sifen masu tsirkiyar nailan, na hannun ƙwararrun masu ƙera jita. Shi ya fi naitiro ma rashin juriya, sifirit na narkar da shi, zafi da gumi na dusar da shi. Duk abin da na faɗa a nan ya hau kansa har da ƙari.

Tun da ka riga ka san halin fentinka, to mazauni ba shi kaɗai ne abin tsoro ba. Maɗaurin kafaɗa mai bayan leda, idan aka bar shi kwance a kan jita cikin akwati, zai zana kansa a jikinta. Haka wayar amfilifaya idan aka naɗe ta aka ɗora a kai, da kafo, wato ɗan matsin da ke danne tsirkiyoyi a wuya, ko 'yar na'urar saita sauti da ake maƙalawa a kai a manta da ita kwana da kwanaki, da kujerar leda, da jikin amfilifaya da ake jingina jita a kai lokacin hutu, da ledar nan mai ƙwai-ƙwai da ake naɗe kaya da ita, da riga mai rubutun roba a ƙirji. Wanda ya fi ba ni tsoro a ƙasarmu shi ne maganin sauro na shafawa. Da yawansu akwai sinadarin DEET a ciki, kuma shi narkar da fenti da roba yake yi kai tsaye. Mai kiɗan dare a fili ya shafa a damtse, ya rungumi jita, da safe sai ya ga sawun hannunsa a kafaɗarta. Turaren fesawa da man tsabtace hannu su ma akwai sifirit a cikinsu. Ka wanke hannu da damtse da sabulu kafin ka ɗauke ta, in ya yiwu ka sa riga mai dogon hannu, kuma idan ka gama ka share gumi da busasshen tsumma kafin ka ajiye.

Wani abu da ƙyallen ke jawowa, dole in faɗa maka: auduga ta fi soso santsi. Jitar da da take kafe a wurinta yanzu tana iya zamewa idan aka ture ta. Ka tabbata hannayen mazaunin sun ɗan lanƙwaso sama a ƙarshensu, kuma jitar ta jingina baya sosai. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga Gibson. Kanta a karkace yake zuwa baya, kusan digiri 17 a yawancinsu, an sassaƙa shi daga itace ɗaya da wuyan, ga ramin sandar ƙarfen da ke cikin wuya a daidai wurin da itacen ya fi siranta, ga tsirkiyoyi shida suna ja. Faɗuwa ɗaya ta baya, ko a kan kafet ne, tana iya karya kan. Ana gyarawa, amma wannan ya fi tabon fenti ciwo sau goma. Ka zare waya daga jikinta duk lokacin da ka ajiye, domin mafi yawan faɗuwa ƙafar wani ce ke jan waya. Ka sa mazaunin a kusurwa, ba a hanyar wucewa ba, ba inda labule ke kaɗawa ba, ba inda yara ke wasa ba. Idan maratayin bango ka fi so, shi ma a naɗe cokalinsa da auduga, a kafa shi da fisha da dogayen kusoshi a cikin bulo, a bangon da rana ba ta dukan bayansa, kuma a sa ɗan ƙyalle a inda gindin jitar zai iya taɓa siminti.

Ra'ayina dai, mazauni na lokacin aiki ne: tsakanin waƙa da waƙa, lokacin hutun atisaye, ko yinin da kake ɗauka kana ajiyewa. Idan an tashi, a mayar da ita akwati. Na san masu cewa jitar da ke akwati ba a kaɗa ta, wadda ido ke gani ita hannu ke kaiwa, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma yanayinmu ba ya ɗaga ƙafa. Masu ƙera jita suna son laimar iska ta tsaya tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. A tsakiyar hunturu a Arewa takan faɗi ƙasa da kashi 20. Itace ya tsuke, bakin ƙarafan wuya su fito suna yankar yatsa, fuskar jita mai rami ta tsage, fenti ya bi ta. A cikin akwati kana iya riƙe laima: ka samu 'yar robar sabulu mai murfi, ka huda murfin, ka sa soso mai ɗan danshi wanda aka matse shi sarai, ka ajiye a aljihun akwatin ko kusa da kai, a naɗe da ƙyalle yadda robar ba za ta taɓa fenti ba, ka riƙa dubawa duk bayan kwana biyu-uku. Da damina sai ka cire shi, ka sa 'yan ƙunshin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin takalmi. Ƙaramin ma'aunin laima mai batir ba shi da tsada, shi zai gaya maka lokacin da za ka sauya.

Akwatin ma a duba shi. Idan jaka ce mai laushi wadda cikinta leda ne ko nailan mai rufin roba, ka ɗinka wa jitar doguwar riga ta farin yadi ka zura ta ciki kafin ta shiga jakar. Kada ka bar ta a but ɗin mota da rana ko na awa ɗaya ne, domin zafin wurin yana sassauta har gam ɗin da ya riƙe itacen. Idan kuma ka fito da ita daga ɗaki mai na'urar sanyaya iska zuwa zafin waje, ko ka shigo da ita daga zafi zuwa sanyi, ka bar akwatin a rufe na ɗan lokaci, kamar rabin awa ko fiye, har jikin akwatin ya daidaita da ɗakin, sannan ka buɗe. Itace da fenti ba sa miƙewa da tsukewa da sauri ɗaya, kuma sauyin gaggawa ne ke haifar da siraran tsagar nan a fuskar naitiro.

Taka dai, yanzu kada ka rufe ta a akwati tukuna idan wurin yana danƙo, don kada gashin cikin akwatin ya manne a tabon. Ka kwantar da ita yadda wuraren uku ba sa taɓa komai, ka ɗan tallafe wuyan da naɗaɗɗen farin ƙyalle a can ƙasa da tabon, ka lulluɓe ta sama-sama da zane saboda ƙura. Bayan mako uku ko huɗu ka sake haska wurin da tocila. Idan ya yi tauri kuma launi ne kawai ya rage, gwada man goge jita a ɗan gefe ka gani. Idan har lokacin yana kama yatsa, sai a nemi mai gyaran kayan kiɗa wanda ya taɓa aiki da naitiro, kuma ka tambaye shi da me zai yi aikin kafin ka bar masa ita. Allah ya sa a dace.